Foldar Chrome ta cinye min giga 19, in goge ta?

Malam Habu Taura: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawara a kan kwamfutar shagona. Ƙaramar laftof ce, ma'adanarta gaba ɗaya giga 64, Windows 10 ke kanta. Layin nan na C ya koma ja, abin da ya rage bai kai giga ɗaya ba. Jiya na buga wa wani katin gayyatar ɗaurin aure, na zo ajiyewa ta ce babu wuri. Yarona ya bincika ya gano wata folda ta Chrome mai suna User Data, ita kaɗai giga 19. Ya ce tarkacen intanet ne, a goge. Na ce bari dai in ji ta bakin masana tukuna. In goge, ko akwai matsala?

Nazifi Mai Caji: Wa alaikumus salam. Goge kawai Baba, shara ce. Kana buɗe Chrome zai ƙirƙiri sabuwa da kansa.

Injiniya Sani Ringim: Malam Habu, don Allah ɗaga hannunka daga kan kwamfutar nan tukuna. Nazifi, gaskiya ne zai ƙirƙiri sabuwa, amma fanko zai ƙirƙira. User Data ba tarkace ba ce zalla, duk abin da Chrome ya sani game da mai shi a cikinta yake. Akwai fayil mai suna Login Data, nan faswod-faswod ɗin da aka ajiye suke. Akwai Bookmarks, adireshin shafukan da ya adana. Akwai History, akwai Cookies waɗanda su ne ke sa ka buɗe Facebook ko Gmail ka tarar kana ciki ba sai ka sake shiga ba. Tarkacen na nan a ciki, ba musu, amma a cakuɗe yake da kaya masu amfani. Wanda ya goge ta ɗungurungum kamar mai shago ne da ya tashi sharar kwalaye ya haɗa da littafin bashi ya cinna wuta.

Malam, tambaya ɗaya kafin komai: Chrome ɗin naka a haɗe yake da asusun Google, ko haka nan kake amfani da shi?

Malam Habu Taura: Wallahi Injiniya ban haɗa shi da komai ba. Faswod ɗin imel na shago da na shafin da nake sayen katin duba sakamako duk shi ke tuna min.

Injiniya Sani Ringim: To ka ji. Da an goge, babu inda za a samo su. Yanzu abin da nake so ka yi, dubawa ce kawai, ba gogewa. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta %localappdata% ka danna Enter. Shiga Google, shiga Chrome, shiga User Data, shiga Default. Za ka ga foldoji da yawa. Waɗannan nake so ka danna wa dama ɗaya bayan ɗaya, ka zaɓi Properties ka faɗa mana girmansu: Cache, Code Cache, GPUCache, Service Worker, IndexedDB, da File System in akwai ta. Ka ba ta lokaci ta gama ƙirgawa, lambar za ta yi ta hawa kafin ta tsaya.

Kabiru Gumel: Ni dai ban ga amfanin wannan doguwar hanyar ba. A kwashe takardunsa a fulash, a yi mata fomat, a sa sabon Windows. Awa biyu an gama, kwamfuta ta dawo kamar sabuwa.

Malam Isa Babura: Awa biyu a Gumel ko a ƙauye, Kabiru? Bayan fomat sai an sauke sabuntawar Windows, sai direban firinta, sai Chrome ɗin kansa. Da wace data? A garinmu sai ka ɗora waya a kan katanga kafin sabis ya kai sanda biyu.

Kabiru Gumel: Ya kawo min ita ranar Alhamis in zai wuce Maigatari, ina da komai a fulash.

Malam Habu Taura: Na gode Kabiru, bari mu ga ƙarshen wannan tukuna. Injiniya ga abin da na gani. Cache mega 310. Code Cache mega 240. GPUCache 'yar mitsitsiya ce, ba ta kai mega 10 ba. Service Worker giga 14 da ɗoriya. IndexedDB giga 2 da rabi. File System kusan giga ɗaya.

Injiniya Sani Ringim: Madalla, abin da na yi zato ke nan. Jama'a ku duba lambobin nan da kyau, domin a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Ainihin ma'ajiyar wucin gadi, wato Cache da Code Cache, duka ba su kai mega 600 ba. Aikinsu shi ne, in ka buɗe shafi, Chrome ya ajiye hotuna da tambura da rubutun da ke tafiyar da shafin, don gobe in ka dawo kada ya sake saukewa. Chrome da kansa yake taƙaita girman wannan, yana zubar da tsofaffi in sababbi sun shigo, shi ya sa ba kasafai take wuce ɗaruruwan mega ba. Goge ta ba ya cutar da komai. Danna Ctrl da Shift da Delete lokaci ɗaya, a wajen Time range ka zaɓi All time, ka bar alama a kan Cached images and files kaɗai, ka cire ta daga sauran, ka danna gogewa. Amma abin da za ka samu rabin giga ne, layin zai ci gaba da zama ja.

Ƙaton yana cikin Service Worker. Wannan ba Chrome ne ya tara don kansa ba, shafuka ne suka nemi wuri suka ajiye kayansu. Shafukan zamani suna aiki kamar manhaja, suna ajiye bidiyo da saƙonni da hotuna a cikin kwamfutarka don su yi aiki ko babu intanet. Kuma ƙa'idar Chrome ta yarda shafi guda ya riƙe har kashi 60 cikin 100 na girman ma'adana. A kwamfuta mai giga 64, wannan ya haura giga 30 ga shafi ɗaya tak. Waccan gogewar ta Cached images and files ba ta taɓa wannan. Abin da ke share shi ita ce ɗaya alamar, Cookies and other site data.

Nazifi Mai Caji: To ai shi ke nan, ya sa alama a nan ɗin ya goge. Abin da nake yi wa mutane ke nan a waya.

Malama Rabi Kafin Hausa: Ku dakata don Allah. Malam Habu, akwai wanda ke cike fom na aiki a kan kwamfutar nan? Irin na ƙidayar gidaje ko rajistar manoma ko na asibiti, wanda ake cikewa babu sabis sai an samu a tura?

Malam Habu Taura: Ƙwarai kuwa Malama. Ɗan ƙanwata yana yi wa wata ƙungiya rajistar manoman riɗi da zoɓo. Wayarsa ta lalace, sai yake zuwa da takardun da yamma yana shigarwa a nan. Ya ce sai ya je inda sabis ke da ƙarfi zai tura.

Malama Rabi Kafin Hausa: Alhamdu lillahi da na tambaya. Malam, kada kowa ya taɓa wannan alama ta Cookies and other site data sai yaron nan ya tura aikinsa. In fom ɗin KoboToolbox ne, manhajar tattara bayanai, da ake buɗewa a burawza irin Chrome, duk wanda aka cike babu intanet a cikin burawzar yake zama yana jiran layi. Ba ya cikin Documents, ba ya cikin Downloads, ba za ka gan shi a matsayin fayil ba. Wurin zamansa ita ce IndexedDB ɗin nan da Injiniya ya sa ka auna. Ana share bayanan shafuka, ya tafi, kuma babu kwandon sharar da za a je a tono shi.

Ba labari nake ba ku ba, a gabana aka yi. Wata abokiyar aikina ta gama zagayen rugage tana ɗaukar bayanan yaran da aka yi wa rigakafi, a bayan babur, da damina, wani wurin sai an tuɓe takalmi an ratsa ruwa. Kwamfutarta ta yi nauyi ta kai wa wani mai gyara, ya share mata burawza tas da niyyar taimako. Da ta buɗe fom ɗin, lambar da ke gefen hagu mai nuna adadin da ke jira ta koma sifili. Ta zauna a kan benci a bakin asibiti tana ta rufewa tana buɗewa ko za su dawo. Wasu ta same su a takarda, wasu kuwa sai da ta sake komawa, kuma wasu Fulanin sun riga sun tashi. Mai gyaran bai tambaye ta ba, shi ne abin da ke ci min rai har yau. Tambaya ɗaya ce.

Malam Isa Babura: Innalillahi. Allah ya kiyaye gaba.

Nazifi Mai Caji: Allah ya kyauta Malama. Amma a yi mana adalci, mai kaya ma ya kamata ya faɗa. Mutum zai miƙo maka waya ya ce "ta cika, rage min", ga mutum goma a tsaye suna jiran caji. Ta yaya zan san abin da ke cikinta?

Malama Rabi Kafin Hausa: Ƙanena, mai kayan bai san a nan aikinsa yake kwana ba. Ita a tunaninta tana danna Submit ya tafi. Kai da ka san inda maɓallin gogewa yake, kai ne ya kamata ka san abin da yake gogewa.

Injiniya Sani Ringim: Malama ta faɗi abin da ya fi nawa muhimmanci. Malam Habu, ka kira yaron ya buɗe fom ɗinsa. A gefen hagu na shafin akwai ɗan akwati mai lamba, in ya danna zai ga jerin duk waɗanda ba su tafi ba. A ƙasan jerin akwai Upload akwai Export. Tun yau, ko babu sabis, ya danna Export, zai sauke masa fayil guda mai ɗauke da su duka, ya kwafe shi a fulash. Wannan kariya ce kawai ko da wani abu zai faru. Turawa ta gaskiya sai an samu sabis, kuma ya lura, wanda ya ajiye a matsayin Draft ba ya tafiya da kansa, sai ya buɗe shi ya kammala. Ya tsaya har lambar ta koma sifili da idonsa.

Sannan ko bayan ya tura, ni ba na son gogewar bai-ɗaya. Akwai hanyar da ta fi tsafta. A wajen rubuta adireshi ka rubuta chrome://settings/content/all ka danna Enter. Zai kawo maka duk shafukan da suka ajiye wani abu, kowanne da girmansa. A sama akwai Sort by, ka zaɓi Data stored, manya za su hau sama. Kowane shafi da ɗan hoton kwandon shara a gefensa. Wanda ka gane ba naka ba ne, ko ba ka buƙatar kayansa, shi kaɗai za ka goge. Wannan dubawar za ka iya yin ta yanzu, ba ta buƙatar intanet.

Malam Habu Taura: Na duba. Na farko wani shafi ne da ban ma san shi ba, giga 13 da wani abu. Yarona ya ce na kallon fina-finai da wasan ƙwallo ne, samari ke buɗewa da daddare in an tayar da inji. Na biyu WhatsApp na kwamfuta, giga ɗaya da rabi. Na uku wani shafin sauke fayil, mega 900. Na yaron mai rajista yana can ƙasa, mega 40 kacal.

Injiniya Sani Ringim: Ka ga abin. Mega 40 ɗin nan ta fi giga 13 ɗin can daraja, kuma gogewar bai-ɗaya ba ta bambance su. Na farko da na uku goge su yanzu, babu ruwansu da fom ɗin yaro, kowane shafi ɗakinsa daban. Ka dai duba sunan sau biyu kafin ka danna kwandon. Na WhatsApp in ka goge zai fitar da kai, sai ka sake haɗawa da wayarka ta hanyar sikanin lambar QR. Saƙonninka na waya ba abin da zai same su. In ba ka da sabis mai kyau yau, bar shi zuwa wani lokaci.

Kabiru Gumel: Me zai hana ya shiga foldar Service Worker ɗin da hannu ya goge? Ya fi sauri.

Injiniya Sani Ringim: Saboda a ciki sunayen foldojin dogayen lambobi ne da haruffa, ba za ka gane ta wane shafi ce ba. Kuma Chrome yana riƙe da lissafin abin da kowane shafi ya ajiye, in ka cire kaya ta bayan gida wani shafin sai ya riƙa buɗewa fari fat. Waɗanda na yarda a goge da hannu su ne Cache da Code Cache da GPUCache, su ma sai an rufe Chrome gaba ɗaya. Rufe taga bai isa ba, yakan ci gaba da aiki a ɓoye. Danna Ctrl da Shift da Esc, ka duba Task Manager ka tabbata babu shi. Kuma wanda ya goge da hannu ya tuna kayan Recycle Bin suka koma, wurin ba zai dawo ba sai an zubar da shi.

Nazifi Mai Caji: Injiniya, manhajojin shara fa? Danna ɗaya su share komai.

Injiniya Sani Ringim: Matsalarsu ke nan, danna ɗaya. Da yawansu suna zuwa da alama a kan kukis da bayanan shafuka tun daga farko, mai dannawa bai duba ba. Ga kuma inda ake samo su. A 2017 ɓarayin intanet sun cusa muguwar manhaja a cikin manhajar shara ta CCleaner mai lamba 5.33, mutum fiye da miliyan 2 suka sauke ta, kuma daga hanyar kamfanin ta gaskiya. In haka ta faru da ta asali, ina ga wadda aka fasa ake yawo da ita daga fulash zuwa fulash? Windows 10 yana da nasa. Settings, System, Storage, Temporary files. Zai jero maka abin da za a iya zubarwa da girman kowanne. Abu ɗaya za ka kiyaye a jerin: Downloads. Kada ka sa mata alama, nan silif-silif ɗin mutane suke.

Malam Habu Taura: Alhamdu lillahi jama'a! Na goge biyun nan, na yi ta Cached images and files, na yi Temporary files ban da Downloads. Yanzu giga 17 ne a buɗe, layin ya koma shuɗi. Faswod ɗina suna nan, na gwada imel ya buɗe. Yaro ya yi Export mun sa a fulash, ranar Lahadi zai tafi da kwamfutar zuwa Gujungu ya tura. Allah ya saka wa kowa da alheri, Injiniya da Malama Allah ya ƙara basira.

Malama Rabi Kafin Hausa: Amin Malam. Ka ce masa kada ya canza burawza kuma kada ya buɗe a Incognito, tagar sirri, in ya je, a inda ya cike nan zai tarar da su.

Injiniya Sani Ringim: Amin. Tunda ka samu sarari, yi abu biyu. Danna Ctrl da Shift da O, ka danna ɗigo ukun da ke sama, ka zaɓi Export bookmarks ka ajiye a fulash. Faswod kuma ka rubuta muhimman a littafi ka ajiye a gida, ko ka haɗa Chrome da asusun Google naka. Kwafe fayil ɗin Login Data zuwa wata kwamfuta ba ya aiki, a kulle yake da asusun Windows ɗin da aka ajiye shi. Akwai hanyar fitar da su a fayil ɗin CSV, amma wannan a buɗe yake, duk wanda ya samu fulash ɗin zai karanta su kamar wasiƙa. A shagon da hannu ke da yawa ban ba da shawararsa ba.

Malam Isa Babura: Ina da ƙorafi a kan wata ɗabi'a, tunda an zo nan. Akwai masu goge ma'ajiyar wucin gadi kullum safiya, wai don kwamfuta ta yi sauri. Ni a ganina asara ce. Duk abin da ka goge, gobe da datarka za ka sake sauke shi. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowace mega da lissafinta. Kuma a wurin da sabis ke jan ƙafa, shafin da aka taɓa buɗewa ya fi saurin fitowa saboda rabinsa yana cikin kwamfutar. In ina shigar da sakamakon ɗalibai, shafin da na saba buɗewa nan da nan yake fitowa, ranar da wani ya share min kuwa sai in zauna ina kallon abu yana juyawa.

Kabiru Gumel: Malam Isa, amma wani lokacin dole ce. Shafin rajista yakan maƙale a tsohon fasali, sai ka share yake gyaruwa.

Malam Isa Babura: Wannan shafi ɗaya ne. Danna Ctrl da F5 a kansa, zai sauko da sabo ba tare da ka zubar da na sauran ba.

Injiniya Sani Ringim: Malam Isa ya fi gaskiya a nan. A goge in wuri ya ƙure ko shafi ya rikice, ba a mayar da shi wankin fuska ba.

Malam Habu, saura maganar samarin dare, don in ba a toshe nan ba wata biyu layin zai sake ja. Ka danna hoton da ke saman Chrome ta dama, za ka ga Guest. Duk wanda ba kai ba, a nan zai yi aikinsa. Ana rufe tagar, tarihi da kukis da abin da shafuka suka ajiye duk sun tafi, naka kuma ba a taɓa ba. Yana kuma kare masu zuwa duba sakamako, ba za a bar imel ɗin wani a buɗe na gaba ya tarar ba. Abin da aka sauke ne kaɗai ke zama a Downloads. Amma ɗan ƙanwarka kada ya kuskura ya cike fom a Guest, yana rufewa aikin ya bi ruwa. Shi, bayan ya tura aikin da ke jira, ka buɗe masa Profile nasa daban ta wajen Add.

A Downloads ɗin ma ka duba fayilolin da sunansu ya ƙare da crdownload. Saukewa ce da ta katse, wuta ta ɗauke ko data ta ƙare. Wasu sukan kai ɗaruruwan mega kuma ba sa buɗuwa. In ba abin da ake saukewa a lokacin, goge su.

Maman Sadik Jahun: Sannunku da ƙoƙari. Tawa a waya ce, kullum tana cewa wuri ya cika. Yaya zan yi ban rasa hotunan yara ba?

Nazifi Mai Caji: Hajiya wannan fannina ne. Shiga Settings, Apps, Chrome, Storage, danna Clear cache. Wannan ba ya taɓa hoto ko ɗaya. Ɗayan maɓallin da ke kusa da shi, wani lokacin Clear data wani lokacin Manage space, kada ki shiga. Amma in gaya miki gaskiya, a wayoyin da ake kawo min ba Chrome ne ke cika su ba, bidiyoyin guruf ne. Buɗe WhatsApp, Settings, Storage and data, Manage storage. Zai ware miki waɗanda suka wuce mega 5 da waɗanda aka yi ta turawa. Za ki ga wa'azi ɗaya ko bidiyon biki ɗaya ya shigo ta guruf uku. Ki zaɓa da idonki ki goge.

Malama Rabi Kafin Hausa: Daidai ne Nazifi. In ƙara da cewa masu KoboCollect, manhajar cike fom ta KoboToolbox, a waya, Clear data a kan manhajar ko cire ta gaba ɗaya yana tafiya da duk fom ɗin da ba a tura ba. A duba Ready to send da Drafts tukuna.

Ɗanlami Garki: Ni Firefox nake amfani da shi a tsohuwar kwamfuta mai Windows 7. Haka abin yake?

Injiniya Sani Ringim: Firefox ya raba su gida biyu, ya fi sauƙi. Tarkacen yana AppData, Local, Mozilla, Firefox, Profiles, a foldar cache2. Faswod da adireshi suna ɓangaren Roaming, a logins.json da key4.db da places.sqlite, can ba a taɓawa. Hanya mafi sauƙi ita ce Settings, Privacy & Security, Cookies and Site Data. Manage Data zai nuna maka shafi-shafi da girmansu. Sai dai Ɗanlami, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, Chrome ma a lamba 109 ya tsaya a kansa. Buga takardu ba laifi, amma kada ka shiga banki da ita. Windows 10 ɗin Malam Habu ma tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, wannan maganar wata rana ce.

Kabiru Gumel: Akwai wani fayil na Windows mai suna hiberfil.sys kuma, yana cin kusan kashi 40 cikin 100 na girman RAM. A kashe shi da umarnin powercfg a samu ƙarin giga ɗaya da rabi a mai RAM 4.

Malam Isa Babura: A wurin da babu wuta? Shi ne fa ke riƙe maka aikin da ke buɗe in batir ya kusa mutuwa. Ina cikin buga jarrabawa sola ta yi sanyi, kwamfuta ta kwanta, da safe na tarar da komai inda na bari. Ni ba zan sayar da wannan a kan giga ɗaya da rabi ba.

Kabiru Gumel: Na yarda da wannan. Amma har yanzu ina kan bakana cewa giga 64 ta yi wa shago kaɗan, duk sharar da za a yi. Kuma irin waɗannan ƙananan laftof ɗin yawanci ma'adanarsu eMMC ce, a like take da allon ciki, ba a cirewa a sa babba. Malam Habu, duba gefenta, in akwai ramin memori ka sayi mai giga 64 ka bar shi a ciki. Sai ka shiga Settings na Chrome, Downloads, Location, Change, ka nuna masa katin. Takardun mutane da hotunan fasfo duk su koma can, C ya huta.

Malam Habu Taura: Akwai ramin. Zan sa yaron ya sayo a kasuwa ranar Lahadin.

Kabiru Gumel: To ya yi hattara da jabu, sun yi yawa a tebura. Za a rubuta 64 a jiki, kwamfuta ma ta nuna 64, amma cikinsa 8 ne ko ƙasa da haka. Yana karɓar kaya ba ya musu, sai ka zo buɗewa ka tarar fayilolin sun lalace. In kuɗinsa ya yi araha fiye da kima ya bar shi. Kafin ka amince masa da takardar kowa, a gwada shi da H2testw, 'yar ƙaramar manhaja ce kyauta, tana cika katin da bayanai sannan ta karanta su ta faɗi ainihin girmansa. Tana ɗaukar lokaci a kati mai 64, a yi ta sanda inji ke kunne. Ya kuma yi sharaɗi da mai tebur tun a wajen ciniki cewa in bai cika ba zai dawo da shi Lahadi mai zuwa.